Muhawara: Shin babban fim ya fi waya riƙon amanar hoto?

'Yar Mai Hoto: Assalamu alaikum jama'a. Makon jiya muna gyaran ɗakin marigayi mahaifinmu na ci karo da kyamararsa, Yashica Mat-124G, mai ido biyu, ɗaya a kan ɗaya. Tare da ita akwai gwangwani cike da nagetif masu murabba'i, wato fim ɗin da aka wanke wanda daga jikinsa ake buga hoto. Na ɗaga ɗaya na saita shi da hasken taga, sai ga mahaifiyata ranar sunan yayana, har zanen lallen hannunta ana gani. Hotunan bikina kuwa, da aka ɗauka shekara bakwai da suka wuce, sun tafi tare da wayar da ta faɗa ruwa. Don haka na ce, kuma ina nan a kan bakana: babban fim ya fi waya kyau, ya kuma fi ta riƙon amana. Ina so in gyara kyamarar nan in ci gaba da ɗauka da ita.

Ɗan Dijital: Wa'alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba. Amma Hajiya, ba laifin waya ba ne, rashin ajiya ne. Da kin kwafe su a wuri biyu da suna nan. Ni aikina ke nan, ɗaukar biki. Fim 120, wato babban fim ɗin da kike magana, hoto 12 kacal yake ba ki a irin wannan kyamarar. A kamu kaɗai ina ɗaukar ɗaruruwa. Ga kuɗin odar fim daga waje, ga neman mai wanki, ga jira.

Baba Mai Situdiyo: Amin. 'Yata, kin taɓo mini inda yake min ƙaiƙayi. Shekara talatin da wani abu na yi ina leƙa irin wannan akwati. Bari in fara da abin da ba a musu a kansa. Fim ɗin 35 da kowa ya sani, faɗin hotonsa milimita 24 ne a 36. Na kyamarar mahaifinki kusan 56 ne a 56. Ya ninka wancan sau uku da rabi har da ɗoriya. Shi ya sa kika ga lalle. In ka buga shi babba ba ya farfashewa, kuma baƙar fata tana fitowa da taushi, daga hasken goshi zuwa inuwar wuya a hankali, ba tsalle.

Abu na biyu shi ne yadda ake riƙe ta. A ƙirji take, kana duban gilashi daga sama, kanka a sunkuye. Idon sama na dubawa ne, na ƙasa shi ke ɗauka. Tunda ba ka toshe fuskarka da ƙarfe ba, mutum ba ya jin an auna shi. Dattijuwar da ba ta iya haɗa ido da namiji sai ka ga ta saki jiki, kuna hira, ka danna ba ta ma ji ba, don ƙarar ba ta wuce ta karya tsinke ba. Ɗana mai dijital, 12 ɗin da kake rainawa ita ta koya mana gyara wuyan riga da zaman hula kafin a danna.

Ɗan Dijital: Baba, ranka ya daɗe, ban isa in yi musu da kai a kan sana'a ba. Sai dai abin da ka lissafa hannunka ne da haƙurinka. In na ba ka kyamarata yau, haka za ka gyara hular.

Malamin Zane: Ina bayan Hajiya a batun amana, kuma ga hujja. Seydou Keïta ya buɗe situdiyonsa a Bamako a 1948. Ƙananan hotuna yake ba masu zuwa, ya adana nagetif. A 1991 aka nuna wasu hotunansa a New York ba tare da sunansa ba, aka bi sawu har aka same shi a Bamako da dubban nagetif ɗinsa. Daga jikinsu aka buga manyan hotunan da duniya ta san shi da su. Wace waya ce za a buɗe bayan shekara arba'in a samu haka?

Na Yamai: Malam, gyara kaɗan. Keïta ba da fim 120 ya yi suna ba, babbar kyamara ce mai nagetif santimita 13 a 18. In misalin mai murabba'i kake nema, ɗauki Malick Sidibé, shi ma na Bamako, wanda aka ba kyautar Hasselblad, babbar lambar yabo ta masu ɗaukar hoto, a 2003, ko J. D. 'Okhai Ojeikere na Najeriya da ya fara ɗaukar kitson mata a 1968 har ya tara kusan dubu. Mu ma a Yamai mun yi Philippe Koudjina, da ya ɗauki rayuwar daren birnin bayan samun 'yancin kai. Amma ku faɗi gaskiya duka: waɗannan su ne suka tsira. Masu hoto nawa ne a garuruwanmu gara ta cinye aikinsu, ko magada suka zubar da shi a bola? Kawuna ya bar kwali biyu, damina ɗaya ta manne su wuri guda, suna warin tsami. Ko ɗaya ba mu ceta ba.

'Yar Mai Hoto: Allah sarki. Wannan ta taɓa ni, Yaya. To amma ko a lalace, nagetif kana ganinsa da idonka, ka san akwai abu a wurin. Memori in ya mutu shiru ne kawai.

Ɗan Dijital: Kuma a ƙarshe sikanin za ki yi masa ki tura wa 'yan'uwa ta WhatsApp. Kin ga an dawo gidana.

Malamin Zane: An dawo, amma uwar, wato nagetif, tana cikin gwangwani.

Baba Mai Situdiyo: Na Yamai ya yi gaskiya, ni ma na yi asara irin tasa. Zafi da danshi su ne abokan gabar fim. 'Yata, ki fitar da su daga gwangwanin nan yau, ki raba kowanne da takarda mai tsabta, ki riƙa kama su ta gefe, a ajiye a ɗaki mai sanyi nesa da bango. Batun ci gaba da ɗauka kuma, ki fara da baƙi da fari, irin su Ilford HP5, don shi ya fi sauƙin wankewa a gida. Maganin wanke shi zafin digiri 20 yake so. A watan Afrilu ruwan randa ma ya wuce haka, mu da ƙanƙara muke saukar da shi, ma'auni a hannu. Da hunturu kuma ƙura ce matsala: in ka shanya fim a buɗe, kowane ƙwayar ƙura sai ta fito fari a fuskar mutum. A banɗaki nake shanyawa bayan na yayyafa ruwa a ƙasa.

Kafin ki kashe ko sisi, buɗe bayan kyamarar ki haska idon ƙasa da tocila. In kin ga zare-zare kamar saƙar gizo, fumfuna ce. Sannan ki saita ta yadda idon zai buɗe na daƙiƙa ɗaya, ki juya hannun naɗe fim, ki danna kusa da kunnenki.

'Yar Mai Hoto: Baba na gwada yanzu. Gilashin fes yake. Amma daƙiƙa ɗayan ta ja kamar uku kafin ta rufe.

Baba Mai Situdiyo: Tsohon mai ne ya daskare, ana wanke shi. Kada ki ɗiga mata man keken ɗinki. Ki samu mai gyaran da ya taɓa buɗe irinta.

Ɗan Dijital: Ni dai ban sauka daga ra'ayina ba. Amma Hajiya, in an gyara, ki zo da ita bikin da zan ɗauka bayan Sallah. Ki yi 12 ɗinki, in yi nawa, mu buga su girma ɗaya mu kai wa Baba ya duba.