Yayana ya shiga ƙungiyar farfesoshi baƙaƙen fata a Ingila, Baba ya kasa barci

Malamin Ƙauye:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu sanin harkar jami'a ku taimaka min. Yayana shekara 11 kenan yana koyarwa a wata jami'a a Ingila, ya zo gida babbar Sallah, ƙauyenmu nan wajen Ringim, to kullum bayan isha'i sai ya ɗauki kujera ya tafi bakin rijiya inda sabis yake kamawa ya yi ta mitin a Zoom har sha ɗaya. Baba ya tambaye shi, ya ce ƙungiya ce ta manyan malamai baƙaƙen fata, suna taimakon juna kan ƙarin girma kuma suna haɗa baki su yi wa hukumar jami'a magana. Wallahi tunda ya koma Baba bai da sukuni, cewa yake baƙo a garin mutane ba ya ɗaga murya, kar su kore shi. Ni ma abin ya fara damuna don shi ke riƙe da gidan nan, har takin bana shi ya saya. Akwai haɗari ne?

Lakcara daga Dutse:
Wa alaikumus salam. Malam ka kwantar wa Baba da hankali. Dokarsu ta daidaito ta 2010 ta hana a ci zarafin ma'aikaci don ya yi ƙorafin wariya. Kuma yayanka ba rigima ya je nema ba, dubi lissafin: a shekarar karatu ta 2019/2020, cikin farfesoshi sama da 23,000 a Birtaniya 155 ne kacal baƙaƙe, ko ɗaya cikin ɗari ba su kai ba. Kujerar farfesa kuwa ba ƙwazo kaɗai ke kai mutum ba, sai an tura takardunka wajen manya na waje su duba, sai an san sunanka a taruka, sai wani ya sa ka cikin binciken da aka ba kuɗi, sai wani ya ce maka kai yanzu fa ka isa, nema. In kai kaɗai ne baƙi a sashenku wa zai gaya maka duk wannan? Aikin gayya ne kawai suke yi, yau a gonar wannan gobe a ta wancan.

Tsohon Malami, Gwarzo:
Ɗana ka gaida min mahaifinka, tsoronsa tsoron uba ne, na fahimta. Amma ka tuna masa da namu na nan. Gwamnatin Babangida ta haramta ASUU, ƙungiyar malaman jami'o'i, a 1988 lokacin Attahiru Jega ke shugabanta, har tsare shi aka yi, ba su watse ba, yarjejeniyar 1992 ta haifar da asusun harajin ilimi a 1993 wanda ya zama TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, a 2011. Duk ginin da ka gani da tambarin TETFund, a BUK ne ko Dutse ko Kafin Hausa, daga haɗin kan malamai ya samo asali. Da kowa ya je shi kaɗai da ko ƙofar ofis ba za a buɗe masa ba.

Yar Kazaure:
Baba na Gwarzo gaskiya ne, amma ni ina da ƙorafi. Mata aka fi bari a baya, binciken Nicola Rollock na 2019 mata baƙaƙe 25 kaɗai ya samu a matsayin farfesa a duk Birtaniya. Kuma irin ƙungiyoyin nan in ba a yi hattara ba sai su koma majalisar manya. Ni shekara biyu ina bin wani babba ya duba min takarda guda ɗaya tak kafin in aika mujalla, kullum zan duba, zan duba, har na haƙura na aika haka aka dawo min da ita, kuka na yi ranar. Don haka ka tambayi yaya mutum nawa suka jawo daga ƙasa, nan za ka san ƙungiyar ta gaske ce. Sannan ka ce masa ya waiwayo gida, ɗaliban digiri na uku a nan suna fama da rashin masu duba musu aiki, ko ta Zoom ɗin ne ya ɗauki biyu.

Malamin Ƙauye:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na karanta wa Baba bayan magariba a tabarmarsa, maganar gayya ce ta fi shigarsa, ya yi shiru can ya ce a kira masa shi ranar Juma'a. Hajiya saƙonki ma na tura wa yaya ta WhatsApp, ya ce in tambaye ki wane fanni kike.