Neman shawara: In gyara firizata ko in kira 'yan gwangwan?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Don Allah shawara nake nema a kan firizata. A 2016 na saye ta da kuɗin adashe, kuma da ita nake sana'ar zoɓo da kunun aya da ƙanƙara a nan Kano. Ta yi shekara takwas ba ta taɓa ba ni ciwon kai ba, sai kwanakin baya ta fara rage sanyi. Na kira mai gyara, ya ce gas ne ya ƙare, ya zuba. Ba a rufa wata uku ba ta koma gidan jiya, ya sake zubawa, na sake biya. Yanzu kuwa ko tashi ba ta yi. In an kawo wuta sai ta ɗan yi gurnani, sai ka ji "ƙas", ta yi shiru, bayan 'yan mintuna ta sake. Da ya zo ko bayanta bai buɗe ba ya ce kwamfuresa, wato injin da ke zagaya gas ɗin, ta mutu, in kawo dubu 85.

Abban Ilham ya ce in daina zuba ruwa a rariya, in kira 'yan gwangwan su auna ta, shi zai cika mini mu sayi sabuwa. Na aika an tambayo a Sabon Gari, irin girmanta ta haura dubu 350. Ba kuɗin ne kaɗai ke damuna ba. Sitona cike yake da matattun kaya: fanka mai caji biyu, fitilu, blanda, butar lantarki, babu wanda ya shekara uku. Ga keken ɗinkin mahaifiyata da aka kai ta ɗaki da shi, har yau ɗinki yake. Tsoro nake in yar da mai ƙwari in ɗauko wadda za ta bi sahun na sito. Azumi kuma ya ƙarato, lokacin da na fi ciniki. Yaya zan yi?

Baban Sadik:
Wa alaikumus salam Hajiya. Gyaran firij da na'urar sanyaya ɗaki ne sana'ata, a Panteka ta Kaduna na koya. Kada ki sayar, kada kuma ki biya dubu 85 ɗin nan tukuna.

Abu na farko, gas ɗin firiza ba kamar na girki ba ne da ake ƙonawa ya ƙare. A rufe yake cikin bututu yana zagayawa, zai iya shekara ashirin bai ragu ba. Duk ranar da aka ce miki ya ƙare, to akwai inda yake yoyo. Wanda ya zuba sau biyu bai nemi hujin ba bai yi miki aiki ba, kuma mu masu sana'ar ya kamata mu riƙa faɗa wa junanmu gaskiya a kan wannan, don shi ke sa mutane yanke ƙauna da gyara gaba ɗaya.

Wannan "ƙas" da kike ji kuma, ƙarar ɗan abin kariya ne da ke yanke wa kwamfuresa wuta in ta kasa tashi ta ɗau zafi. Sau da yawa ba ita ce ta mutu ba, rile ne, wani ɗan baƙin abu da bai wuce akwatin ashana ba, maƙale a gefenta, wanda ke tayar da ita. In an cire shi aka girgiza aka ji yana kacau-kacau, ya ƙone, kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Ki samu wani mai gyaran ya zo da mita, ya auna ƙafafu ukun kwamfuresar a gabanki, ya gwada sabon rile. Ya kuma shafa kumfar sabulu a mahaɗan bututu ya ga inda zai yi ƙwai.

Inda lissafi zai canza shi ne in hujin yana cikin bango, inda aka binne bututu a soso. Wannan aikin babba ne, sai an shimfiɗa sabon bututu, kuma in ya haɗu da mutuwar kwamfuresa ni kaina zan ce ki haƙura da ita. In kuma ta kai ga canji, ki duba takardar da ke manne a jikin kwamfuresar. Za ki ga R134a ko R600a. Ba a haɗa su, ba a zuba ɗaya a madadin ɗaya, kuma R600a yana kama wuta, don haka kada ki yarda a kunna wutar walda sai an fitar da shi tas.

Maman 'Yan Biyu:
'Yar uwa ni dai ina bayan maigidanki. Na yi irin wannan jeka-ka-dawo da tawa har abin da na kashe ya kusa rabin kuɗin sabuwa, ƙarshe dai sabuwar na saya. Kuma ki tuna ke sana'a kike yi. Mako guda babu sanyi, masu sarin zoɓonki sun koma gidan wata, dawo da su sai an sha wuya. Ga kuɗin wuta. Tun da aka mayar da 'yan rukunin A, wato waɗanda suka fi samun wuta, naira 225 kowane yunit a watan Afrilun 2024 nake lura da abin da mita ke ci, kuma tsohuwar da ba ta hutawa ta fi sabuwar sha nesa ba kusa ba. Kwamfuresar da za a sa miki ma akasari ta hannu ce, babu mai ba ki tabbacin kwanan da za ta yi. Tunda ya ce zai cika miki, ki karɓa tun bai sauya shawara ba.

Hajiya Inna:
Maman Ilham 'yata, maganar sitonki ce ta taɓa ni. Mu da muka taso, ƙwarya in ta tsage ɗinke ta ake yi, akwai masu wannan sana'ar musamman. Bokitin roba ya fashe, mai liƙi zai zo da ƙarfensa a garwashi ya narka wata robar ya toshe. Takalmi sai ya je wajen shumeka sau uku kafin a ce ya mutu, zane in ya tsufa ya zama majanyi ko tsumman goyo. Ba rowa ba ce. Abin da ka sha wuya ka samu ba ka saurin rabuwa da shi, kuma maƙwabcinka mai gyara yana samun na cefane a jikinka.

Yanzu jikokina ko maɓallin riga ya cire sai su ce ta lalace. Amma ban ɗora musu laifin duka ba, don kayan ma sun canza. Keken mahaifiyarki ƙarfe ne zalla, kowane noti ana kwance shi a sa mai. Blandar yanzu kuwa an manne ta da gam, in ka buɗe ta ka fasa ta. Ki bi shawarar Malam mai gyara. Ki kuma lallaɓa maigidanki da kyakkyawan lafazi, ki ce ya ba ki kwana biyu a duba, kada ya ga kamar kin raina kyautarsa.

Abu Nima:
Gaisuwa daga Akara. In har ta kai ga saye, don Allah kada araha ta ja ki ga tokumbo. A nan Gana tun 2013 aka hana shigo da tsofaffin firij daga waje saboda wutar da suke sha. Na kuma ga inda irin waɗannan kaya ke ƙarewa a Agbogbloshie, wata matattarar 'yan gwangwan a nan Akara, kafin a rushe wurin a 2021: samari, da yawansu 'yan arewacin ƙasar, suna ƙona wayoyi don su ciro tagulla, suna shaƙar baƙin hayaƙi tun safe har yamma. Duk sanda na ji an ce a kira 'yan gwangwan sai fuskokinsu su faɗo mini.

Ummu Hanan:
Anti, fankokin nan naki na sito ina kyautata zaton batir ne kawai ya mutu. A kwance bayansu za a ga ɗan batir mai kusurwa huɗu, an rubuta 6V ko 12V a jikinsa. A kai shi shagon kayan lantarki a sayo irinsa. Nawa biyu haka na tashe su. Barin batirin ya ƙare ƙaf a ajiye shi watanni babu caji ne ke kashe shi.

Maman Ilham:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka wa kowa da alheri. Hajiya, na yi yadda kuka ce, kuma ya amince. Jiya wani mai gyaran ya zo da mitarsa. Rile ne ya ƙone, ya girgiza mini na ji da kunnena. Hujin kuma a waje yake, a wata mahaɗa kusa da kwamfuresa, kumfa na tashi a wurin ina kallo. Ya liƙe, ya canza ɗan matacin da ke kan bututu, ya zuƙe iska, sannan ya zuba gas. Duka dubu 28 na biya, kuma yau da asuba na tarar zoɓo ya daskare.

Sai dai Maman 'Yan Biyu, maganarki ma tana kan hanya. Ya ce kwamfuresar ta gaji saboda watannin da ta yi tana aiki babu hutu, ba zai yi mini alkawarin shekaru ba. Mun yi da Abban Ilham kuɗin da ya yi niyyar cikawa za a ajiye, ni kuma in shiga sabon adashe. Malam Baban Sadik, mai gyaran ya ce in sayi sitabilaiza. Wace iri ta dace?

Baban Sadik:
Alhamdu lillahi Hajiya. Ki nemi mai ƙarfin 1500VA ko 2000VA, don kwamfuresa na jan wuta ninkin-ba-ninkin a lokacin tashi. Ki tabbata tana da maɓallin jinkiri, wanda ke riƙe wuta kamar minti uku bayan an kawo ta kafin ya saki. Kafin ki saya, duk sanda aka ɗauke wuta ki kashe soket, in an dawo da ita ki jira minti biyar. Ki janye firizar daga bango kamar taƙi guda ta samu iska, kuma ki hana yara kankare ƙanƙara da wuƙa. Ki gwada robar murfin ma: ki datse takarda a bakinsa ki ja, in ta zare salin-alin robar ta saki, a canza ta kafin azumi.