Walat marar kauri na Tyvek: zai jure aljihun Bakatsine?

Tela_KofarKaura:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Samari na yawan tambayar ƙaramin walat marar kauri, wanda ake yi da farin abin nan mai kama da takarda amma ba ya yagewa, irin na ambulan ɗin wasu kamfanonin aika saƙo. Masu sayarwa a intanet na cewa ana sake narka shi a yi wani abu. Ina son in fara yi a shago. Mene ne shi takamaimai, wane awo ya dace da kuɗinmu, kuma ɗinki ake yi ko gam? Zai jure zafin bazara da gumi?

Injiniya_Daura:
Wa alaikumus salam, Malam tela. Sunansa Tyvek, kamfanin DuPont na Amurka ke yin sa, ya shiga kasuwa a 1967. Roba ce zalla, irin wadda ake jarkar mai da ita, mai lamba 2 a cikin alamar kibiyoyi uku da ake bugawa a jikin kayan roba don nuna nau'insu. Ana fesa ta ta zama siraran zaruruwa, a danne su da zafi su haɗe ba tare da saƙa ba. Shi ya sa hannu ba ya yaga shi amma almakashi na yanka shi salin alin, kuma bakinsa ba ya warwarewa, ba sai ka yi kalmasa ba.

Kafin ka saya ka ɗaga shi a rana. Na gaske za ka ga zaruruwa sun bi ko'ina babu tsari. In ya yi sumul kuma yana miƙewa in ka ja, leda ce. In yana da ɗige-ɗige a jere, yadin jakar rabon biki ne, wanda rana ke mayarwa gari. Ka nemi mai tauri kamar takarda, giram 75 zuwa 105 a murabba'in mita. Mai laushi na rigar kariya ta ma'aikatan asibiti ba ya riƙe ninki.

Awo: takardar naira 100 zuwa 1000 milimita 151 ce da 78, katin ATM da katin zaɓe kuma kusan 86 da 54. Yanki santimita 24 a faɗi, 29 a tsaye. Daga sama ka auna 8.5 bangon waje, 8 bangon ciki, wani 8 da zai juyo ƙasa, sai 4.5 da zai koma sama ya zama aljihun kati, don kan katin ya leƙo a samu wurin kamawa. Santimita 2 na kowane gefe kunne ne: ka bar shi a bangon waje kawai, ka yanke na sauran, ka naɗo shi ya rufe gefen. Danne kowane ninki da bayan cokali. A ƙasan tsakiya ka yanke ɗan gurbi kamar santimita 1, in ba haka ba da zarar an cusa kuɗi an ninke, ciki zai tattare ya ƙi rufuwa.

Baduku_Marusa:
Injiniya ya gama da awo, amma ƙanena ka yi hankali da keke. Allura ce babbar abokiyar gabar abin nan. Rami ba ya komawa kamar na yadi, in ka matse ɗinki ka yi masa layin yagewa da hannunka. Buɗe keken zuwa milimita 4 ko 5, siririyar allura, zaren poliyesta, ka bar rabin santimita daga baki, kuma kada ka koma baya ka maimaita a wuri ɗaya, ɗaure zaren da hannu. Gam ɗin takalma kuma kar ka kusance shi da shi, sinadarinsa na sa shi kumbura ya yamutse. Farin gam na kafintoci ba ya ɓata shi, sai dai yana daɗewa bai bushe ba tunda roba ba ta shan ruwa, kamunsa kuma ba wani ƙarfi. Salatif mai gam fuska biyu ya fi duka, ka danne shi da nauyi ya kwana.

Gaskiya kuma a faɗa wa mai saye: ba zai kai alaben fatar akuya da aka jeme da bagaruwa daɗewa ba. Kusurwoyi ke fara tashin gashi, fari ya koma ruwan ƙasa da ƙurar hunturu. Amfaninsa rashin nauyi da rashin kumbura aljihun kaftani. Kati huɗu zuwa shida da kuɗi kaɗan ya dace da su. Ɗan kasuwar da ke ɗaukar damin 'yan ɗari biyar zuwa Mai'aduwa ko Jibiya ba nasa ba ne.

Injiniya_Daura:
Haka ne Baba. Zancen zafi kuma: sai wajen digiri 135 yake narkewa, don haka zafin Afrilu ko ya haura 40 ba ya yi masa komai. Dutsen guga ne da salansar babur ke ƙanƙance shi nan take, a cire shi daga aljihu kafin a kai wa mai guga. Gumi da ruwan sama ba sa jiƙa shi, amma bakin walat a buɗe yake, ruwa zai shiga ta nan ya sami kuɗin. Fetur, kananzir da manja su ne ke ɓata shi. In ya yi datti, ruwan sanyi da sabulu, a shanya a inuwa. In za ka yi masa ado, fenti mai ruwa, ba mai mai ba.

Hajiya_Filin_Samji:
Sannunku da ƙoƙari. Maganar sake narkawa nake son in ja kunne a kai, don ana cika baki da ita a talla. Wannan yankin da Injiniya ya faɗa bai wuce giram 5 zuwa 7 ba, ke nan sai an tara wajen 150 zuwa 200 kafin a sami kilo ɗaya, alhali 'yan jari bola da kilo suke saye, kuma masu niƙa roba sun fi son jarka da bokiti, abu mai zare yana naɗe musu haƙoran inji. Da zarar ka sa zif, maɓallin ƙarfe ko shafin fatar roba, ka haɗa abubuwan da ba sa narkewa tare. Ka tsaya a kan ninki da salatif kaɗan, ka ajiye buhu a shago kana tara guntayen yanka da tsofaffin da aka dawo maka da su, su kaɗai ba a gauraya da ledar fiya wata ba, tunda ita lamba 4 ce. Kuma mafi alheri ka yi daga ambulan da aka riga aka yi amfani da shi, ka juya rubutun ciki.

Tela_KofarKaura:
Allah ya saka da alheri, Hajiya. Baba, in ambulan ya yi wuyar samu, buhun shinkafa zai yi?

Baduku_Marusa:
Zai yi, amma wani aiki ne daban. Buhu saƙa ne, lamba 5, bakinsa na zubewa. Nemi mai sheƙi a waje, ka yanka da wuƙa mai zafi don bakin ya liƙe, sannan ka bi shi da tef ɗin yadi ka ɗinke. Zai fi kauri, don haka ka rage ninki ɗaya, ka ƙara rabin santimita a faɗi.