Silin, rufin ciki ko saman ɗaki? Neman kalma don darasin Revit

Jama'a, kalma ɗaya ta tsayar da ni. Ina koya wa yara uku zanen gini da manhajar kwamfuta mai suna Revit a ɗan ofishinmu da ke wajen Ƙofar Ƙaura nan Katsina, kuma na yi musu alkawarin rubuta bayanin da Hausa. Bango, ƙofa, taga, daɓe, matakala, duk sun tafi sumul. Da na iso maɓallin da aka rubuta wa Ceiling, sai alƙalami ya cije.

"Rufi" na fara rubutawa, ban kai ƙarshen layi ba na goge. Manhajar tana da wani maɓalli daban na rufin sama, wanda ake buga wa kwano. In na ce wa yaro "sa rufi", wanne zai danna?

Na kai maganar wurin wani dattijon magini da ya gaji sana'ar. Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, mu abu guda muka sani. Ka jera azara, ka shimfiɗa zana, ka zuba ƙasa. Na ciki ya ɗaga kai ya ga azara, na waje ya ga ƙasa da indararo. To mi za ka raba?" Gaskiyarsa. A soro ko shigifa, ko zauren da aka yi wa ɗaurin guga, abin da ke tare ruwa shi ne abin da ido ke gani daga ciki. Sai da kwano ya zo da zafinsa da ƙararsa in ana ruwa aka buƙaci shimfiɗa ta biyu a ƙarƙashinsa, ita kuma ta zo da sunanta: silin.

Tun jiya da na tambayi sunan da za a sa wa maɓallin, shawarwari ke shigowa. Wata 'yar'uwa mai koyar da Hausa ta ce "saman ɗaki". Malama, a gafarce ni, amma in aka ce yaro ya hau saman ɗaki, kowa waje zai fito ya ɗaga kai. Wani abokin aiki daga Daura ya kawo "rufin ciki", kuma ta burge ni, don tana faɗin ainihin abin. Matsalarta guda ce. Zanen nan ba a kwamfuta zai ƙare ba, hannun kafinta da mai fiyofi zai faɗa, su kuwa "buga silin" suke cewa, haka mai gida, haka mai sayar da kaya a kasuwa. Don haka na tsaya a nan: sunan maɓalli silin, aikin kuma buga silin. Rufin ciki zan sa a layin farko na bayani, ga wanda ya tambayi mene ne silin.

Sunayen hanyoyin buga silin a manhajar ba su ba ni wuya ba. Hanya biyu ake bugawa. Ta farko, ka kai linzami tsakiyar ɗaki, manhajar ta bi bangon da suka kewaye shi ta cike da kanta. Na kira shi "bin bango". In akwai gefen da ba bango, kamar baranda, ba za ta gane iyaka ba, sai ka zana layin da kanka, wato "zanen hannu". Akwai kuma gurbin da ake rubuta nisan silin daga hawan da ake kai, na sa masa "tsayi daga daɓe". Ni milimita 3000 nake sawa in mai gida ya yarda, saboda wanda ya san watan Afrilu a Katsina ba ya son silin a kusa da kansa.

Inda aka yi gardama ta gaske shi ne sunan zanen da ake ganin silin a ciki. A zanen daɓe ba ya fitowa, don yana sama da inda aka yanka ginin. Ɗaya daga cikin yaran ya buga sau uku a ɗaki guda, yana cewa, "Yallaɓai, ya ƙi zama." Da muka buɗe ɗaya zanen, ga silin uku nan kan juna.

Na Daura ya ce a kira shi "zanen rigingine", tunda kamar ka kwanta ne kana kallon sama. Na so kalmar ƙwarai, har na rubuta. Da dare na gwada a ɗakina: na kwanta, kaina na arewa, sai ga gabas a hannun hagu, alhali a takarda dama take. Zanen kuwa ba ya juya komai. An yi shi ne kamar an shimfiɗa madubi a daɓe kana leƙawa daga sama, shi ya sa ƙofar da ke dama a zanen daɓe take dama a nan ma, kuma mai wayarin zai sa fitila da fanka inda ya dace. Rigingine za ta koya wa yaro kuskure. "Zanen madubi" na ajiye.

Saura guda: silin mai gida-gida na milimita 600 sau 600 da ake ratayawa a ofisoshi. Na rubuta "silin rataye" da fensir. Kafintocin da ke nan, me kuke ce masa a wurin aiki?