Yaya zan rufe kyamarar falo da rana ba tare da na kashe sauran ba?

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu aikin haɗa kyamara. Gida ne mai kyamara 5 a kan NVR (na'urar da ke naɗar hotunan kyamarori) mai tashoshi 8, duka ta PoE suke samun wuta, wato ta wayar netwok ɗin da ke ɗauko hoto: biyu a ƙofar gida, ɗaya a zaure, ɗaya a baranda, ɗaya a falo. Ta falon ce ta zama matsala. Maigidan yana son ta saboda ƙofar baya da dare, matan gida kuwa sun daina zama falo babu hijabi, kuma gaskiyarsu ce.

Baƙin murabba'in da ake rufe wani ɓangaren hoto da shi bai wadatar ba, domin wuri yake rufewa, mutum kuma tafiya yake yi. Makirufo ma yana ci gaba da ɗaukar hira sai an kashe shi daban. Jadawalin naɗi daga 11 na dare zuwa 5 na asuba ya hana ajiya a faifai da rana, amma hoton kai-tsaye yana nan a wayar hannu. Ƙaramin asusun shiga NVR ana iya hana shi tashar falo, sai dai mai asusun admin yana ganin komai.

Cire wayar PoE ɗin yana aiki, amma NVR yana ta yin ƙara saboda ɓacewar hoto, kuma sai an tuna an mayar da ita kowane dare.

Abin da nake nema shi ne rufewar da Hajiya za ta gani da idonta ta yarda. Wa ya taɓa sa wa tasha ɗaya injekta ta PoE (ƙaramar na'urar da ke ba kyamara wuta) daban da soket mai agogo? Kashewa da kunnawa kullum yana lalata kyamara? Ko juya ta zuwa ƙofar baya kawai ya fi?