Me za mu kira Advent da Hausa? Gobe da safe za a kai takarda wajen bugawa

Malamar Lahadi, Sabon Tasha: Salama 'yan'uwa. Fasto ya ba ni wa'azin ran Lahadi in mayar da shi Hausa, gobe ƙarfe 10 mai bugawa zai karɓa. Kan maganar bege ne a lokacin Advent, to a Advent ɗin na maƙale. Yawancin masu zuwa sujadar Hausa iyayenmu mata ne da suka baro ƙauyukan Kajuru da Chikun, akwai mama ɗaya da ɗanta ke hannun masu garkuwa har yau, ba na so in tsaya gabanta da kalmar da ba za ta taɓa mata zuciya ba.

Katikis, Kakuri: Lokacin Zuwa. Daga Latin ne, adventus, wato zuwa. Lahadi huɗu ne kafin Kirsimeti, ta farko tana faɗowa tsakanin 27 ga Nuwamba da 3 ga Disamba, kuma zuwa biyu ake tunawa, haihuwar Almasihu a Baitalami da dawowarsa.

Mama Zumunta: Zuwan wa, Katikis? In aka bar shi haka tsofaffi za su ɗauka baƙi za a yi daga hedkwata. A sa jira a ciki, ai abin da muke yi kenan.

Shugaban mawaƙa, Narayi: Dakon Almasihu fa?

Mama Zumunta: A'a ɗana, kunnen mutane ɗan dako zai ji, mai ɗaukar kaya a kasuwa.

Baba daga Wusasa: Tsumayi. Kalmar tana nan tun kakanni. Jira kowa na yi, har a layin mai ana jira, amma tsumayi sai wanda ya kasa kunne ya zuba ido a hanya don ya tabbata mai zuwa zai zo. Wannan baiwar Allah da kika ambata tsumayin ɗanta take yi. Makonnin Tsumayi, ki rubuta haka 'yata.

Shugaban mawaƙa: Baba da girmanka, a cikin mawaƙana 30 ba na jin mutum uku sun san tsumayi.

Baba daga Wusasa: To laifin wa? Hausar coci ta zama abin tausayi, a ce mace ya zo, a ce "za mu yi prayer". Cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa ya fito tun 1932, aikin su Dakta Miller, ba su bar mana rabi da Turanci ba.

Ɗan Kagoro: Baba wannan maganar ta yi mini zafi gaskiya. Mu Agworok da Bajju da Atyap da Gbagyi kowa da harshen uwarsa, Hausa muka ɗauka don mu yi sujada tare, kuma mu ne muka cika kujerun nan muna waƙa da ita shekara da shekaru, yanzu kuma a ce tamu ba Hausa ba ce?

Baba daga Wusasa: Ban raina kowa ba ɗana. Zafina shi ne kalma mai kyau ta mutu muna kallo.

Katikis: Tunda an taɓo nan, shi kansa bege sai an duba. A wajen maƙwabtanmu Musulmi bege waƙar yabon Annabi ce, wani kuma kewa yake ji a ciki. Juyin Littafi Mai Tsarki na 1979 ma sa zuciya ya fi amfani da shi.

Mama Zumunta: Bege kam ku bar mana shi. Da shi muka binne mazajenmu, da shi muke kunna kyandir. In akwai kewa a ciki ai daidai ne, wanda Ishaya ya ce suna tafiya cikin duhu ba da dariya suka jira hasken ba.

Malamar Lahadi: Dare ya yi iyayena. Ga abin da na rubuta: Bege a Lokacin Jiran Zuwan Almasihu. Ya yi tsawo na sani, amma ba wanda zai tambaye ni ma'anarsa. Baba, tsumayi zan sa shi cikin wa'azin inda ake maganar Saminu da Hannatu a Haikali, in bayyana shi.

Katikis: Mu dai a wajenmu Lokacin Zuwa zan ci gaba da cewa.

Baba daga Wusasa: Ban gamsu ba, kalma huɗu a inda ɗaya ta isa. Amma ki buga. Ki gaya wa mahaifiyar yaron nan muna sa shi a addu'ar asuba.