Shin madatsar yashi irin ta Kenya za ta yi aiki a ƙoramar garinmu?

Manomin Rani:
Assalamu alaikum. Ina zaune a wani ƙauye a kudancin Jihar Katsina, kuma muna da ƙorama da ke cika har ta yi ambaliya a watan Agusta, amma kafin ƙarshen Disamba ba a ganin komai a cikinta sai rairayi. Daga nan mata da yara ke shiga tonon ramuka a tsakiyarta suna kwalfar ruwa da ƙwarya, ramin yana ƙara zurfi har bazara, lokacin da ake kwana a bakinsa ana jiran ya tsatso. Na ji cewa a Kenya ana gina bango a cikin irin wannan ƙorama don yashi ya taru ya riƙe ruwa. Ina roƙon masana su bayyana mini yadda abin yake, da kuma ko zai dace da wurinmu kafin in kai maganar gaban mai gari.

Injiniyan Ruwa:
Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ka ji gaskiya ne, kuma ya fi yawa a yankunan Machakos da Makueni da Kitui. Marigayi Joshua Mukusya, wani ɗan Kenya, ya fara wannan aiki da mutanen Utooni da ke yankin Machakos a 1978, sannan ƙungiyar SASOL ta gina ɗaruruwan irin waɗannan madatsu a Kitui tun daga shekarun 1990, yawanci da aikin gayya, inda mutanen gari ke kawo duwatsu da yashi da ruwa, ƙungiya kuma ta kawo siminti da rodi da birkila.

Ana gina bangon ne a gicciye, daga wannan gaɓa zuwa waccan, a kafa tushensa a kan dutsen da ke ƙarƙashin ƙorama. Idan ruwan damina ya zo, yashi mai nauyi yana kwantawa a bayan bangon, laka kuma tana bin ruwa ta tsallake, har wurin ya cika cikin damina ɗaya zuwa uku. Yashi mai tsakuwa yana iya riƙe ruwa kimanin kashi 25 zuwa 40 cikin 100 na girmansa, kuma rana ba ta shanye abin da ya wuce zurfin santimita 60 ko kusa da haka. Shi ya sa ya fi tafki, wanda zafin rana ke ƙafar da shi, dabbobi su gurɓata shi, sauro ya hayayyafa a kansa.

Abu biyu nake so ka duba da kanka. Na farko, ka ɗauki dogon rodi ka bi ƙoramar kana caka shi cikin yashi, ka nemi inda dutse yake kusa kuma ya ratsa gaɓa biyun, domin bangon da bai zauna a kan dutse ko yumɓu mai tauri ba ruwa zai bi ta ƙarƙashinsa ya tafi, a yi asarar siminti. Na biyu, ka cika bokiti da yashin wurin, ka zuba ruwan da ka auna har ya ƙoshi, sannan ka huda gindin bokitin ka ga nawa zai fito. Idan kaɗan ya fito, yashin ya cika laushi. Kudancin Katsina yana kan tsohon dutse mai haifar da yashi mai tsakuwa kamar na Kitui, don haka ina da kyakkyawan zato, saɓanin arewacin Yobe da Borno inda dutsen ya yi nisa ƙwarai.

Ɗan Adar:
Ina so in ƙara wani abu daga jihar Tawa a Nijar, don kada a haɗa abubuwa biyu. Gine-ginen da aka yi a kwaruruwanmu da taimakon Jamusawa suna baza ruwa ne ya malala cikin fadama ya nutse, rijiyoyi su ɗago, a yi albasa da rani. Idan ƙoramarku mai faɗi ce kuma gaɓarta gajera, wannan ya fi muku, domin madatsar yashi tana son matsattsen wuri mai doguwar gaɓa, in ba haka ba ruwa zai kewaye bangon ya yanki gonakin mutane.

Malamar Asibiti:
Yashi yana tace ruwa, amma ramin da aka bari a buɗe, jaki da akuya suna sha, yara suna shiga da ƙafa, zai ɓata wannan amfani. A nemi a haƙa rijiya mai murfi a gefe da famfon tuƙa-tuƙa, a ware wa dabbobi mashayarsu can ƙasa da bangon, kuma a hana bahaya a ƙoramar.

Injiniyan Ruwa:
Hajiya ta yi gaskiya. Na kuma manta da kuskuren da ya fi kashe waɗannan madatsu, wato gaggawa. Inda ƙorama ba ta kawo yashi da yawa, idan aka ɗaga bangon gaba ɗaya a shekara guda, ruwa zai tsaya a bayansa, laka ta kwanta, a samu taɓo wanda ba ya sakin ruwa. A irin wannan wuri ana ɗaga tsakiyar bangon ne kaɗan-kaɗan, a jira yashi ya cika kafin a ƙara.

Manomin Rani:
Allah ya saka muku da alheri. Akwai falalen dutse da ya ratsa ƙoramar kusa da mashigin shanu, kuma gaɓar wurin tana da tsayi, can zan fara gwada rodin ranar Asabar. Abin da ya fi damuna yanzu shi ne masu tifa da ke zuwa ɗibar yashi kowane rani, domin yashin da za mu shekara uku muna tarawa za su iya kwashe shi cikin mako guda. Wannan ce maganar da zan fara kai wa mai gari, kafin ta siminti.